Zauren Barista: An saka hotona a bango, amma fayil baya zuwa teburina

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan yawancin saƙonnin da suka shigo akan abu ɗaya suke, wato maganar damawa da kowa a ofisoshin lauyoyi, waye ake ɗauka aiki, waye ake ba aiki na gaske bayan an ɗauke shi, waye kuma ake bari a baya. Kamar kullum na cire sunan mutum da sunan ofis.

TAMBAYA: Salam Anti Barista, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni lauya ce, shekarata huɗu da gama Lo Sukul, wato makarantar horas da lauyoyi, ina aiki a wani babban ofishin lauyoyi anan Abuja, hedikwatarsu na Legas, muna da yawa amma ni kaɗai ce 'yar arewa mai hijabi. Bara suka kafa wani kwamiti wai na damawa da kowa, aka saka sunana ba tare da an tambaye ni ba, aka kawo mai hoto ya ɗauke mu, yanzu hotona na shafin ofis na intanet da ƙasidar da ake ba masu kawo aiki, har a bangon risefshan akwai. Amma Anti wallahi aikin da ake bani bai wuce binciko tsofaffin hukunce-hukunce ba, sai kai takardu rajistara, sai zuwa kotu roƙon a ɗage zama, maza biyu da muka shigo tare tuni suna yiwa shaidu tambayoyi da kansu. Ni kuwa sai in wani Alhaji yazo daga Kano ko Sakkwato shine za'a aiko a kira ni in zauna a mitin in gaishe shi da Hausa, yana fita an gama dani. Kuma yawancin maganar aiki ranar Juma'a da daddare suke yinta a wajen shaƙatawa inda ake shan giya, ni bana zuwa, Litinin in zo in tarar an raba aiki. In bar wurin ne? Albashin gaskiya yana da kyau kuma ni ke biya wa ƙannena kuɗin makaranta. Ƙanwarki daga Abuja.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Kar ki ajiye aikin tukuna, amma kuma kar ki yarda wani ya ce miki tsegumi kike ko rashin godiya, abinda kike gani gaskiya ne kuma asara kike yi kullum ko da albashi na shiga. Bari in nuna miki inda asarar take. Ranar da zaki nemi muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, bayan sharaɗin shekara 10 da zama lauya, abinda kwamitin zai ƙirga shine shari'o'in da aka kai ƙarshensu a babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli, waɗanda takardun kotu suka nuna ke kika gudanar. Babu wanda zai tambaye ki sau nawa kika gaida Alhaji, babu kuma wanda zai nemi hoton bango. Ko baki da burin SAN ma, duk ofishin da zaki koma nan gaba ko kamfani ko banki, tambayar farko a intabiyu itace me kika taɓa riƙewa da hannunki daga farko har ƙarshe. Waɗancan maza biyun suna tara amsar wannan tambayar, ke kuma ana hana ki tarawa, toh kinga maganar ta wuce ɓacin rai.

Abinda zaki fara yi, ki buɗe ɗan littafi ko fayil a wayarki, ba a kwamfutar ofis ba, ki rubuta duk aikin da aka baki na wata shida da suka wuce, kwanan wata, wane ne ya baki, wane irin aiki ne. Ba don rigima ba, don idan kika zauna da oga kika ce ana ware ni, zai ce miki haba ai kowa ɗaya ne a wurinmu, maganar ta mutu. Amma idan kika ajiye masa takarda kika ce ranka ya daɗe ga abinda nayi a wata shida, babu shari'a ko ɗaya da na tsaya nayi magana a kanta banda neman ɗagewa, dole ya kalli takardar.

Kuma idan kin shiga kar ki tafi da koke kawai, ki tafi da buƙata mai suna. Ki duba jerin shari'o'in ofis ki zaɓi guda ɗaya ko biyu ƙanana da kika san zaki iya, ki ce ina so a bani wannan in riƙe, wani babba ya riƙa duba bayana. Ki ce a shari'a kaza ina so ni zan gabatar da shaida na biyu. Manyan lauyoyi mutane ne masu hidima da yawa, sau da yawa ba ma ƙiyayya bace, wanda ya saba da shi kawai yake miƙa wa fayil saboda shi ya fara faɗo masa a rai, wanda kuma suka zauna daren Juma'a shine zai faɗo masa a rai ranar Litinin. Wannan baya wanke su, amma yana nuna miki inda zaki taɓa. Ki kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai wani abu a rubutunki ko aikinki da yake ganin bai kai ba, in akwai ya faɗa miki ki gyara, in babu toh ya rasa hujja.

Maganar Alhaji kuwa, ni a wurina nan ne ƙarfinki yake kuma kyauta kike bayar da shi. Mutumin nan ya saki jiki da ofishin ne saboda ya ga tasa a ciki, yaji Hausa, ya samu wadda zai yiwa bayanin rikicin filinsa ko na abokin kasuwancinsa yadda yake a ransa. Wato da ke aka kama aikin. Nan gaba in an kira ki, bayan mitin ki tura wa fatnan, wato ogan da ke da hannun jari a ofis, saƙon imel cikin ladabi ki ce tunda na zauna a tattaunawar kuma na fahimci matsalar, ina roƙon a saka sunana cikin masu aikin fayil ɗin. A rubuce, kowane lokaci. In kuma kinyi karatunki a inda ake haɗa dokar Bature da shari'ar Musulunci kamar Bayero, kina da abinda yawancinsu basu da shi. Tunda bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2013, gwamnatin tarayya ta fitar da nata na naira biliyan 100 a 2017, daga baya bankunan TAJ da Lotus suka shigo, manyan ofisoshi na neman wanda ya san murabaha (cinikin da ake bayyana riba) da ijara (haya) da gaske, ba wanda zai haddace su daren mitin ba. Ga rabon gado na manyan 'yan kasuwa, ga wasiyya da waƙafi. Ki nuna musu wannan a matsayin kuɗin da ofis ke bari yana wucewa.

Shi kuma kwamitin, tunda sun saka ki, kiyi amfani da kujerar. Kar ki bari ya tsaya a ranar saka kayan gargajiya da cin abincin ƙabilu. Ki kawo abu biyu kacal a zama na gaba: a riƙa rubuta rabon aiki a tebur ɗaya da kowa zai gani, wa aka ba me a kowane wata, sannan rabon fayil ya koma mitin ɗin safiyar Litinin a cikin ofis. Zaki yi mamakin masu goya miki baya, matan aure Kiristoci masu ƙananan yara suma basa zuwa wancan zaman daren, haka mazan da basa shan giya, shiru kawai suke yi.

Hijabinki kuma kar ki taɓa jin kamar alfarma ake miki. A Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire nata, ta tsaya akan bakanta, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A Yunin 2022 kotun ƙoli ta yanke hukunci akan ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas, alƙalai 5 suka goyi bayan hijabi 2 suka saɓa. Wannan hukuncin na makaranta ne ba na ofis mai zaman kansa ba, amma ya nuna inda doka ta karkata.

Ki ba su wata shida bayan kinyi magana. In fayil ya fara zuwa, alhamdulillah. In kuma hoto ne kawai suke so, ki fara neman wani wurin a hankali kina kan aikinki, kar ki saki wannan sai kin kama wancan saboda ƙannenki. Kuma ranar da zaki tafi kina da damar ce musu su sauke hoton.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Ni ina da ɗan ofishina a Kaduna, lauyoyi bakwai ne a ƙarƙashina, dukkansu Hausa Fulani Musulmi, shida maza. Wani kamfani da muke nema ya bamu aiki ya aiko da fom yana tambayar mata nawa muke da su da kuma tsarinmu na damawa da kowa, abin ya bani haushi. Ni ban taɓa korar kowa saboda addini ko yare ba, waɗanda suka zo ne na ɗauka. Shin akwai dokar da ta tilasta min ne? Wani ɗan'uwa daga Kaduna.

AMSA: Ranka ya daɗe, in amsa maka ta fuskar doka tukuna. Tsarin raba daidai da ke sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999, da hukumar da aka kafa dominsa a 1996, na gwamnati ne da ma'aikatunta, bai hau kan ofishinka ba. Babu wanda zai zo ya ce sai ka ɗauki mutum kaza daga jiha kaza. Amma nuna bambanci a wurin aiki wani abu ne daban, tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010 sashe na 254C ya ba kotun ma'aikata ta ƙasa hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci da cin zarafin mata a wurin aiki, kuma tana iya duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta sa wa hannu. Wannan ya shafi kowa har kai. Shi kuma kamfanin kuɗinsa ne, yana da damar tambaya kafin ya bayar da aiki.

Yanzu kuma in yi maka magana ta 'yan'uwantaka. Ka ce waɗanda suka zo ne ka ɗauka, na yarda, amma ta ina suka zo? Na tabbata in ka zauna ka lissafa, wannan ɗan abokinka ne, wancan limamin unguwarku ne ya kawo shi, ɗayan ƙanin matar wanka. Baka taɓa korar kowa ba saboda wanda ba naka ba bai ma san ana ɗauka ba balle yazo a kore shi. A Kaduna kake fa, garin da lauyoyi 'yan Kafanchan da Zonkwa da Kagoro suke, ga Yarbawa da Ibo da aka haifa a nan waɗanda Hausarsu ta fi ta wasunmu. Mu 'yan arewa muna yawan kukan yadda ake mana a ofisoshin Legas, kuma kukan gaskiya ne, ka karanta wasiƙar da ke sama. Toh in mun samu namu ofishin muka yi irin abinda ake mana, da wane baki zamu yi magana.

Kuma kai ke asara. Mai shari'ar fili daga kudancin Kaduna da zata bi ta kotun gargajiya, zai shigo ofishinka ya duba bai ga wanda ya san al'adar garinsu ba, ya fita. Matar da mijinta ya rasu ake neman cinye mata gado, ko wadda aka ci zarafinta, akwai maganar da har abada bazata faɗa wa namiji ba, in lauyarka mace ɗaya tana kotu ranar shikenan ta tafi wani wurin.

Ba sai ka kafa kwamiti ba, mutum bakwai basa buƙatar kwamiti. Gurbi na gaba da zai buɗe ka sanar da shi a fili, ka tura dandalin reshen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa NBA da na ƙungiyar lauyoyi mata FIDA, ka ba kowa gwaji iri ɗaya, misali ka basu labarin ƙara guda su rubuto takardar shigar da ita cikin awa biyu, a cire sunaye kafin ka duba. Wanda yafi ka ɗauka ko ɗan waye. 'Yan bautar ƙasa da ake turo maka ma hanya ce, ka riƙe wanda ya nuna ƙwazo maimakon a sallame shi da takardar yabo. In kuma ka ɗauko Kirista, ka kula da abinda zai sa ya zauna: kar a riƙa yanke maganar aiki a hanyar dawowa daga masallaci shi yana ofis yana jira, kar a saka mitin ranar Lahadi da safe, a bashi hutun Kirsimeti da Ista yadda ake ba kowa na Sallah ba tare da ya roƙa ba. Fom ɗin kuma ka cike shi da gaskiya, mace ɗaya ce ka rubuta ɗaya, ka ƙara da abinda kake shirin yi. Kar ka aro matan wani ofis don hoto, ana ganewa.

TAMBAYA: Ni dai Barista ina ganin duk wannan abu na Turawa ne aka kwaso mana. Su kansu Amurkawan ai sun watsar da shi. Me zai hana a bar cancanta tayi aiki kawai? Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Malam gaskiya ne a Amurka abin ya shiga rikici. Can a 2017 suka fito da wani tsari da ake kira dokar Mansfield, ba dokar gwamnati bace, alƙawari ne ofisoshin lauyoyi suka riƙa ɗauka cewa in za'a ba da babban muƙami, aƙalla kashi 30 cikin 100 na waɗanda za'a duba su kasance mata ko 'yan tsiraru. A 2023 kotun ƙolinsu ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, sannan da Trump ya dawo a 2025 ya sa ƙafar wando ɗaya da irin waɗannan shirye-shiryen, a watan Maris hukumarsu ta daidaito a wurin aiki ta aika wa manyan ofisoshin lauyoyi 20 takardar neman bayani. Wasu suka sasanta da gwamnati, wasu suka tafi kotu. Wannan rigimarsu ce, ta samo asali daga tarihinsu na bauta da wariyar launi.

Amma cewa daga can muka kwaso, ban yarda ba. Tun kundin tsarin mulkin 1979 muke da maganar raba daidai, kuma kowa ya san mu 'yan arewa muna cikin waɗanda suka fi cin moriyarta a aikin gwamnati da makarantun tarayya. Cancanta kuma nima ita nake so, tambayata itace wa ake ba damar nuna ta. An fara ba da SAN a 1975, sai 1981 mace ta farko ta samu, Folake Solanke. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar, lauya mace ta farko daga arewa, ita ce mace ta farko da ta zama alƙalin alƙalan Najeriya, kuma sai a 2012 hakan ta faru. Zainab Bulkachuwa ta shugabanci kotun ɗaukaka ƙara daga 2014, yau kuma Kudirat Kekere-Ekun ce ke kan kujerar alƙalin alƙalai tun 2024. Babu wanda ya isa ya ce waɗannan alfarma aka musu. Kafin su akwai mata masu kai irin nasu da basu samu ko shiga aji ba. Inda zan goyi bayanka shine in aka ɗauki wanda bai iya ba don a cike gurbi, wannan cutarwa ce ga ofis da mai ƙara da shi kansa wanda aka ɗauka.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa. Ni shan inna ta taɓa min ƙafafu tun ina yaro, da keken guragu nake yawo. Na gama Lo Sukul a Bagauda da sakamako mai kyau, amma duk ofishin da na kai takarda a waya zasu ce in zo, in sun ganni sai labari ya canza. Wani ofishin a hawa na biyu yake babu lifta, sai da masu gadi biyu suka ɗauke ni da keken suka hau dani kowa na kallo, da na shiga ogan ya ce min shi yana tausaya min ne, aikin lauya yawo ne bazan iya ba, ya ciro dubu biyar ya bani wai in hau mota. Wallahi Anti har na isa gida hawaye nake. Ɗanki daga Kano.

AMSA: Ɗana, na daɗe akan wasiƙarka kafin in iya rubuta amsa. Ka je neman aiki da takardar da ka sha wahala ka samu, aka mayar da kai mai bara. Abinda mutumin nan yayi ba tausayi bane, kuma doka bata tare da shi. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu akan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Ta ce wanda ya nuna maka bambanci saboda lalurarka, in kamfani ne tarar naira miliyan 1, in mutum ne naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kuma kana iya shigar da ƙarar neman diyya daban. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Kason kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da ta ambata kuma na ma'aikatun gwamnati ne, don haka ka sa ido sosai akan ma'aikatar shari'a da hukumar ba da tallafin lauya kyauta da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da sashen shari'a na kowace hukuma, in ka rubuta takarda ka ambaci dokar a ciki. Akwai kuma hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa da aka kafa a 2020, tana karɓar koke.

Maganar wai aikin lauya yawo ne, duk wanda ya zauna a ofis ya san rabin aikin ko fiye a kan tebur ake yinsa. Rubuta yarjejeniya, duba takardun fili, rajistar kamfani wadda yanzu ta intanet ake yi, rubuta jawabin ƙarshe na shari'a wanda shi ke ci ko ya faɗi. Kotu kuma in zauren na sama ne, ana iya roƙon mai shari'a tun kafin ranar a nemo mafita, yawon kai takardu kuwa dama akawun ofis ke yi wa kowa.

Shawarata, ka riƙa faɗa tun a waya, ba da muryar neman afuwa ba. Ka ce ina amfani da keke, ofishinku a ƙasa yake ko akwai inda zamu haɗu a ƙasa? Wanda zai guje ka ya guje tun a nan, ka huta da kuɗin mota da wulaƙanci. Ka haɗa samfurin rubutunka guda biyu masu kyau da takardar neman aikin, a karanta aikinka kafin a ga kekenka. Ka nemi ƙungiyar lauyoyi masu buƙata ta musamman, akwai ta a ƙasar nan kuma NBA ma tana da zaurensu, sun san ofisoshin da ke ɗauka da gaske. Ka riƙa zuwa taron reshen NBA duk wata a san fuskarka.

Ku kuma masu ofisoshi da ke karanta wannan, gangaren siminti a bakin ƙofa buhu nawa zai ci? Tebur ɗaya a ɗakin ƙasa, faɗaɗa ƙofar banɗaki, in lauya makaho ne a riƙa tura masa takardu ta kwamfuta maimakon a takarda, akwai manhajar NVDA mai karanta rubutu da murya kuma kyauta ce. Kuɗin bai kai na kujerun fatar da ke ofishin oga ba.

TAMBAYA: Anti ina da ciki wata biyar, ina ɓoyewa da manyan kaya saboda wadda ta haihu kafin ni a ofishinmu sati huɗu kawai aka bata, da ta dawo an kwashe duk fayilolinta an raba, bata daɗe ba ta tafi. Nawa ne haƙƙina a doka? 'Yarki daga Jos.

AMSA: Allah ya raba lafiya 'yata. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba da sati shida kafin haihuwa da sati shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in kin kai wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma ya hana a sallame ki kina cikin wannan hutun. Sai dai akwai inda gizo ke saƙa, ma'anar ma'aikaci a wannan dokar ta cire masu aikin ƙwarewa da na gudanarwa, kuma da wannan ogan zai fake ya ce lauya bata ciki. Don haka abinda zai fi yi miki aiki shine takardar ɗaukarki aiki da littafin dokokin ofis in akwai. In basu ce komai ba, wancan sati 12 shine mafi ƙarancin abinda zaki tsaya a kai wajen magana, ki kuma tuna masa gwamnatin tarayya sati 16 take ba ma'aikatanta. In aka kore ki ko aka rage miki matsayi saboda ciki, wannan nuna bambanci ne kuma kotun ma'aikata na da hurumi a kai.

Ki daina ɓoyewa, wata biyar ya isa, gara ke ki faɗa da a gano. Ki rubuta masa takarda da ranar da kike sa ran tafiya da ranar dawowa, ki haɗa da jerin fayilolinki da ranar zaman kowanne da sunan wanda kike ganin zai riƙe miki, ki rubuta ƙarara cewa riƙo ne, zasu dawo hannunki in kin dawo, ki nemi ya sa hannu ki ajiye kwafi a gida. Kafin ki shiga wurinsa ki turo min hoton takardar ɗaukar aikin ta adireshin mujalla, ki rufe sunan ofis ɗin, in duba miki sashen hutu da na sallama.